Baba Huci Ya Daina Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, ni Saini ɗan Buraima, a madadin kawuna Hamani da ɗaukacin manoman shinkafa na layi na huɗu da ke bakin kogi a Malanbil, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injinmu na cika bindigogin iska, wanda kowa ya sani da suna Baba Huci. Ya cika ranar Talata da hantsi, a rumfarsa da ke ƙofar gidan Kawu, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta kai minti arba'in ba. Ya bar duniya yana da shekara huɗu a hannunmu. Shekarun da ya yi kafin nan kuwa, mutumin da ya sayar wa Kawu shi a Kwatano ya ce biyu ne, amma duk wanda ya ga fentinsa ya san an rage masa.

Na san maganganu biyu suna yawo a gari. Ta farko, wai wutar lantarki ce ta zo da ƙarfi ta kashe shi. Ta biyu, wai an gan ni da jaka a tashar motocin Kwatano, alhali saura kwana goma sha bakwai a yanke shinkafa, kuma babu bindiga ko ɗaya da ke da iska a cikinta. Duka biyun zan amsa su a wannan sanarwa. Amma a bari in fara da marigayi, domin ranar tasa ce.

Baba Huci gajere ne, kakkaura, ja ne a da, kafin rana da hannuwan mutane su mayar da shi kalar gindin tukunya. Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da nishi. Aikinsa guda ne, kuma bai taɓa raina shi ba. Yakan shaƙi iskar nan da kowa ke shaƙa kyauta, ya matse ta, ya ƙara matsewa, har allurar agogonsa ta hau ɗari uku, sannan ya ɗura ta cikin tulun ƙarfe. Daga tulun nan bindigogi bakwai na ƙungiyarmu suke sha. Su kuma su ne ke tsaye tsakanin shinkafarmu da gafiyoyin da ke huda madatsar ruwa, da agwagwar ruwan nan kirinjijiya da ke sauka garke-garke da zarar zangarniya ta fara nauyi. Kafin zuwansa da famfon hannu ake cika su, bugu ɗari biyu kowace bindiga. Akwai mutanen layi na huɗu da har yau in suka hango famfon nan a jingine, sai bayansu ya amsa.

Marigayin ba mai yawan buƙata ba ne, sai dai abin da yake so, yana son sa a kan lokaci. Ruwa ne gaba da komai. Ana cika masa babban bokiti, a tada ɗan famfon da ke ciki, a ga ruwa yana zagaya kansa yana dawowa ta tiyo, sannan a taɓa shi. Duk minti biyar yana so a sassauta masa ƙusar da ke ƙasa ya yi atishawa, ya fitar da danshin da ya taru a ƙirjinsa. In ya yi kwata na awa yana aiki, a bar shi ya huta. Audugar da ke tace masa iska, in ta yi rawaya a sake ta. Mansa in ya fara duhu a juye a zuba sabo. Kuma bai yarda a shafa wa bakin tiyonsa maiƙo kowane iri ba, domin maiƙo in ya haɗu da matsattsiyar iska fashewa yake yi. Wani daga cikinmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda surukinsa zai karanta wannan, ya taɓa zuwa da man kaɗe a yatsa wai zai sa bakin ya yi santsi. Ranar ce kaɗai na ga Kawu ya yi gudu.

Muryarsa ba za ta fita daga kunnenmu ba. In an tada shi yakan fara da gud, gud, gud, kamar dattijo yana neman takalminsa. In allura ta wuce ɗari biyu sai ya koma dakadakadaka, har kwanukan shayin da ke kan benci su kama rawa. Atishawarsa kuwa, tsssh, ta sha tsorata baƙi, ta sha sa kaji tashi sama. Alfa Sumaila, limamin unguwarmu, ya ce a duk garin nan Baba Huci ne kaɗai ke da surutu kuma surutun yana da amfani.

Ba zan iya faɗin halayensa ban faɗi abin da ya yi mini ba. Ni mutum ne da benci bai taɓa riƙewa ba. Na bar makaranta a aji biyar, ba don kaina ba ya ja ba, sai don taga tana kallon kogi. Na yi wata biyu a gareji. Na yi wata ɗaya a jirgin fito. Na yi mako uku ina zemijan, wato acaɓa, har ranar da na kai wata mata kasuwa na ga hanya ta yi kyau na zarce Kandi da ita. Na sayar da albasa a Gaya, na bar buhunan a hannun maƙwabci na tafi kallon kokawa. Don haka ranar da Kawu ya kira ni rumfa ya nuna mini injin, babu wanda ya fi ni mamaki.

"Saini," ya ce, "wannan ba mai wayo yake so ba. Mai zama yake so. Za ka iya zama?"

Kafin in buɗe baki, Zalika, babbar 'yarsa, taubashiyata, wadda ta fi duk mazan layi na huɗu saiti, ta leƙo daga zaure.

"Baba, Sarkin Yawo za ka ba? Gara ka ba akuyarmu. Ita ko banza tana da igiya."

"Uwar Tsiwa, wa ya sa da ke?" na ce.

"Wata uku na ba ka. In ka wuce haka ka zo in yi maka dambu da hannuna."

Shekara biyu da wata biyar na yi a kan bencin nan. Dambun har yau ban gani ba. Ban san yadda aka yi ba, amma Baba Huci ya iya da ni. Ya raba mini lokaci ƙanana-ƙanana, minti biyar-biyar, daidai abin da ƙafata za ta iya haƙuri. Kafin zuciyata ta ce in tashi, sai lokacin atishawa ya yi. Kafin in sake tunanin tashi, sai lokacin taɓa ruwa ya yi. A haka na wayi gari mutane suna cewa "je ka rumfa, Saini yana nan," maganar da ko mahaifiyata ba ta taɓa iya faɗa da tabbaci ba.

Marigayin mai kyauta ne, kuma ta ƙofar kyautarsa ajali ya shigo. Ruwan da ke zagaya kansa yakan dawo bokiti da ɗumi. Da sanyin kogi ya fara sauka, sai Alfa Sumaila ya gano haka, ya riƙa zuwa da butarsa saboda gwiwoyinsa. Daga shi sai sauran dattawa. Muka kafa doka: ka ɗebi buta ɗaya ta ɗumi, ka mayar da buta ɗaya ta sanyi daga randa. Kowa ya ci riba. Dattawa sun sami ruwan ɗumi, Baba Huci ya sami ruwan sanyi, ni na huta da jido. Babu yaro ko babba a unguwarmu da bai san dokar nan ba, kuma Alfa da kansa yake tsaron ta, har yakan bi mutum da kira in ya manta.

Ga yadda ciwon ajali ya zo.

Ranar Talata aka yi sunan ɗan da Kawu ya samu, namiji na farko bayan mata biyar. Baƙi sun zo daga Karimama, daga Gaya, daga Kandi, tabarmi har bakin hanya. Tulun ƙarfe kuwa babu komai a cikinsa, domin kirinjijiya ba ta san ana suna ba. Da wuta ta zo da safe sai na ce bari in cika shi kafin a gama addu'a. Na cika bokiti, na tada ɗan famfo, na tada Baba. Gud, gud, gud. Lafiyarsa ƙalau. Allura tana kan ɗari da ashirin sai na ji ihu daga wajen mafitar jirage: dorina, dorina ta fito!

Ina so a rubuta cewa na yi tunani. Na tsaya na yi lissafi. Na ce tsakanin atishawa da atishawa minti biyar ne, kogi kuma ga shi nan, in na sa gudu minti biyu zuwa, minti biyu dawowa, minti ɗaya kallo. Har na sassauta masa ƙusa ya yi atishawa kafin in tafi. Ban san ita ce ta ƙarshe da zan ji ba.

A bakin kogi na tarar da mutum sun fi hamsin, kowa yana nuna wani waje daban. Wani mai jirgi ya ce ta zagaya bayan tsibiri, duk mai so ya shigo. A nan ne lissafina ya tsaya a gaɓa, ni kuma na shiga jirgi. Muka zagaya tsibirin nan kaf. Abin da na gani shi ne kumfa, da wani kututture da muka yi ta yi wa ihu har ya wuce. Ina so jama'a su sani, ban ma ga dorinar ba.

A gida kuwa an shafa fatiha, an raɗa wa yaro Ilyasu, an fito da masa da dambun zogale mai yawan mai. Baƙi suka ci, suka nemi wajen wanke hannu, suka ga bokiti yana tururi a rumfa babu kowa a kusa. Wa zai ga laifinsu? Ruwan ɗumi ne ke cire maiƙo. Su ba 'yan unguwa ba ne, ba su san ana mayarwa ba, Alfa Sumaila kuma yana cikin gida yana sa wa jariri albarka. Wannan ya ɗiba, wancan ya ɗiba, wani ya kira ɗan'uwansa ya ce zo ka ji ruwa mai daɗi. Ɗan famfon ya tsotsi abin da ya rage, sannan ya koma tsotsar iska.

Waɗanda suka halarci lokacin sun ce Baba Huci bai yi raki ba. Ya ci gaba da aikinsa da busasshen kai, allura tana hawa, ɗari biyu, ɗari biyu da arba'in. Sai muryarsa ta sauya. Daka, daka, da. Ya yi tari sau biyu. Ya ce kyak. Wari ya tashi kamar an jefa silifa a murhu. Zalika ce ta fito daga madafa da gudu ta fizge waya, amma ta tarar rai ya yi halinsa.

Na iso da wando jiƙe har gwiwa, mutane sun kewaye shi. Wani baƙo daga Gaya ya kaɗa kai ya ce, "Wuta ce. Haka ta ƙona mini firji bara." Kowa ya ce haka ne, wutar nan ba ta da amana. Ni kuma na gyaɗa kai. Ban tsaya nan ba. Da aka koma wajen yanka rago, na ɗauki bokitin na cika shi har baki na mayar da shi wajensa. Wannan ita ce amsar magana ta farko. Masu wuta, wannan karon, ba su da hannu.

Ranar Laraba Kojo mai gyaran firji ya zo ya buɗe kan marigayin. Ya duba zoben robar da suka narke, ya duba ƙarfen da ya kama ɗan'uwansa ya ƙi saki. Ya dubi bokiti. Ya jira sai da Kawu ya shiga gida.

"Ɗan'uwa," ya ce a hankali, "wuta ba ta dafa inji haka. Wannan ƙishirwa ce."

"Zai tashi?"

"Ko yau aka aika Kwatano, kayan ba za su iso ba sai an gama sussuka. Kuma ko sun iso, cikin ya riga ya ƙuje." Ya goge hannunsa. "Ni dai firji nake gyarawa. Ba na gyara magana."

Magana ta biyu ma gaskiya ce. Ranar Alhamis da safe na ɗaure jaka na tafi tasha. Na zauna a benci ina jiran mota ta cika. Can sai na lura hannuna na dama yana sauka ƙasa shi kaɗai, yana murɗa ƙusar da babu ita. Na ɗauke shi na ɗora a cinya. Bayan minti biyar ya sake sauka. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta janye kwandonta.

Ina cikin haka sai ga Zalika za ta wuce, tsohon famfon hannun nan a kafaɗarta, za ta kai wa Kojo ya sake masa roba. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi jakar.

"A'a, Sarkin Yawo, an koma gadon sarauta? Ka gaida Kwatano."

"Ina za ki da wannan?"

"Zan buga mana. Baba bayansa ba zai iya ba, sauran kuma kowa ya ce yana da uzuri. Gafiya ta huda madatsar gonar Inna Haisa jiya, rabin ruwanta ya tsiyaye." Ta gyara famfon a kafaɗa. "Ka san har na fara tunanin in ba ka haƙuri kan maganar akuyar nan? Allah ya taimake ni ban yi saurin baki ba."

Ta wuce. Motar saura mutum ɗaya ta cika, yaron mota yana ta kallona. Na ɗauki jakata na bi hanyar gida.

Na sami Kawu a rumfa yana ɗinke buhunan shinkafa kusa da gawar. Na durƙusa na faɗa masa komai, dorina, jirgi, kututture, bokiti. Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen ɗinki ya yanke zare da haƙori.

"Na sani," ya ce.

"Kojo ne?"

"Kojo bai ce komai ba. Wanzami ne ya nemi ruwan ɗumi zai yi wa Ilyasu aski. Na zo da babbar ƙwarya na ɗiba, sau biyu. Na duba benci ban gan ka ba. Na ce bari in kai in dawo in zuba na sanyi, sai baƙin Kandi suka tare ni da gaisuwa." Ya ɗauki wani buhun. "Da komai ya lafa na zo na tarar da bokiti cike har baki. Na ce ikon Allah, yau ga bokitin da ya cika kansa."

"Kawu, to me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kai me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Tsoro."

"Ni kunya. Kuma ina so in ga inda ƙafar nan taka za ta nufa." Ya nuna jakata da allura. "Ƙwarya biyu nawa ne. Sauran bokitin naka. Kai wannan ciki kafin uwarka ta gani."

Na tambaye shi ko in sa nasa laifin a sanarwa. Ya ce in sa, amma in sa nawa a gaba. Na cika umarni.

Marigayin ya rasu ya bar tulun ƙarfe ɗaya, wanda har yanzu yake riƙe da numfashinsa na ƙarshe, kuma mun yanke shawarar a raba shi ga bindigogin da ke kusa da gonar Inna Haisa. Ya bar bindigogi bakwai, dukkansu marayu, biyu daga ciki dama suna yoyo. Ya bar ɗan famfon ruwa, wanda ya ga komai da idonsa kuma tun ranar bai sake magana ba. Ya bar rabin galan na mai da ƙunshin auduga da bai kai ga amfani da su ba. Ya bar dattawa shida da gwiwoyinsu. Ya kuma bar yayansa, famfon hannu, wanda ya yi murabus shekara huɗu da suka wuce, yanzu kuma larura ta dawo da shi bakin aiki.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Na tuntuɓi Alfa Sumaila kan ko akwai abin da ake karantawa, ya ce in kiyaye shi, ba a yi wa ƙarfe salla, amma zai zo ya tsaya a matsayin maƙwabci wanda ya ci arziki. Gobe Asabar bayan la'asar za a yi wa marigayin wanka da kananzir a rumfarsa. Kojo zai cire agogo da tiyo a ajiye wa magajinsa, in Allah ya kawo shi bayan girbi. Daga nan za a ɗora sauran a amalanken Kawu a raka shi wajen 'yan gwangwan da ke bayan kasuwar albasa. Ana roƙon masu rakiya kada su tsaya ciniki a gabansa.

Zaman makoki zai ci gaba a rumfa kullum, safe da yamma, har ranar da za a sa lauje a shinkafa. Ba a buƙatar goro ko abinci. Famfon hannu yana nan a kafe, bindigogi bakwai suna layi, bugu ɗari biyu kowace. Duk wanda ya zo ta'aziyya zai yi ashirin kafin ya zauna. Wanda ya san ya wanke hannu da ruwan marigayin ranar suna zai yi arba'in, kuma an aika wa mutanen Gaya da Karimama. Kawu, saboda bayansa, an ɗora masa ƙirga. Dattawa su zo da ruwan ɗuminsu daga gida.

Bugun da ya rage bayan masu ta'aziyya sun watse, ni zan yi shi. Za a same ni a kan benci. Zalika ta ce ba ta yarda ba, za ta riƙa leƙowa duk minti biyar. Yanzun nan, ina ƙarasa rubuta wannan, ta leƙo. Ta taho da dambun.